Fuskar Mama a Kashi na Tara

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Jiya aka nuna kashi na tara na shirin talabijin ɗin nan, Gidajen Da Ba Kowa, wanda suka zo suka ɗauka a layinmu a watan Afrilu. Ƙawata Gladis ta rufe shagon gyaran gashinta tun ƙarfe shida, ta zo da burodin cuku, muka zauna a ƙasa cikin shagon ɗinkina don kada ƙarar talabijin ta tashi Mama a sama. Shekara uku ke nan Lahadi ba ta taɓa wuce mu ba.

Gidan marigayi likitan haƙori, wanda ke kallon namu, shi suka mayar gidan fatalwa. Wasu iyali ne suka tare a ciki, kullum da safe sai su tarar an ƙara faranti ɗaya a tebur, kuma an ci abinci a kansa. Gladis ta kusa karya min yatsa don matsa. Tsoron bai hana ta surutu ba.

"Ke Nubia, ga igiyar shanyar Don Libardo can! Duk ƙasar nan yau ta ga gajeren wandonsa!"

Na yi dariya har na ƙware. An nuno ƙofarmu sau biyu, da tukwanen furen da na jera. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Shekarata arba'in da takwas a layin nan, ban taɓa ganin sa da kyau haka ba.

Mama ta tashi lafiya. Ta ci arepa, wainar masara, ɗaya da rabi, ta sha ruwan mazarƙwaila.

Litinin ɗin dai, ƙarfe uku na rana

Na buɗe zaurenmu na waya, na masoyan shirin, na tarar da saƙo sama da ɗari huɗu. Ba maganar farantin suke yi ba. A minti na talatin da ɗaya, lokacin da uwar gidan ta fito titi da gudu, kyamara ta juyo wajen gidanmu, a tagar sama akwai wata tsohuwa mai farin gashi a tsaye. Wani ya ƙara wa hoton haske ya kewaye ta da jan layi. Daƙiƙa arba'in ba ta motsa ba, ba ta ƙifta ido ba, leɓenta ne kawai ke motsi. Sun duba sunayen 'yan wasa, babu ita. Wata ta ce ba ta yi barci ba. Wani ya ce karensa ya yi ta haushi daidai wurin. Wani kuma ya ce ya san gidan, an rufe shi tun mutuwar mai shi.

Mama ce. Da rigar sanyinta mai ruwan toka, wadda na sake wa maɓalli.

Kullum tana tsayawa a nan daga ƙarfe biyar har duhu ya rufe. Duk layin nan an san haka, an kuma san dalili.

Na rubuta wani ɗan abu a zauren, layi biyu ne kawai. Mutane da yawa suka sa min alamar zuciya. Ban taɓa samun haka ba.

Laraba, 8 ga Oktoba, da rana tsaka

Masu shirin sun fitar da sanarwa cewa ba su sa kowa a tagar ba, ba su kuma san ko wace ce ba. Gaskiya suka faɗa, amma kamar an zuba fetur a wuta. Gladis ta ce hoton ya kai har Mexico.

Na goge abin da na rubuta.

Asabar, 11 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na yamma

Sun fara zuwa. Da safe wasu 'yan mata biyu ne daga Pereira, masu ladabi, har suka sayi zare a wurina don kunya. Da la'asar motocin jif biyu cike da mutane. Suka tsaya a bakin gidan likitan, suka ba shi baya, suka ɗaga wayoyi sama.

Ƙarfe biyar Mama ta buɗe taga kamar kullum. Na ji titin ya yi tsit, sannan wata ta ƙwalla ƙara, sai tafi ya ɓarke. Tafi!

Na hau da gudu. Na zaci zan same ta a tsorace, sai na tarar tana murmushi, tana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya da ido.

"Yau titin da mutane, mija, 'yata," ta ce. "Miƙo min mataji."

Na miƙa mata. Me zan yi?

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan an taso daga coci

Yaya Amparo ta kira daga Medellín. 'Yarta ce ta nuna mata hoton a waya. Ba ta ko gaishe ni ba.

"Uwarmu ce nake gani ana yawo da ita kamar biri a kasuwa?"

Na ce kwana biyu ne, za su gaji.

"Garuruwa nawa ne a ƙasar nan masu taga irin tamu? Wa ya gaya musu gari, wa ya gaya musu layi, har da lambar gida?"

Na ce madara tana tafasa, zan kira ta anjima.

Ban kira ba. Ba madara a wuta.

Talata, 14 ga Oktoba, da safe

Ruwan sama tun asuba, amma jiya ma sun zo da lema.

Alhamis, 16 ga Oktoba, ƙarfe takwas na yamma

Yanzu sun koma kan leɓenta. Wata mata da ta ce tana aiki da kurame ta yi bidiyo, ta rage gudun hoton, ta ce tsohuwar suna take faɗa, gaɓa biyu, sau goma sha ɗaya cikin daƙiƙa arba'in. Kowa yana cankar nasa. Wani ya ce sunan wanda zai mutu ne a kashi na gaba.

Ni ba na buƙatar a rage min gudun komai.

Yau na kasa haƙuri na fita da allura a bakin rigata. Na tsaya a tsakiyar titi na ce musu wannan mata tana da rai, sunanta Doña Herminia, shekararta tamanin da ɗaya, tana shan maganin hawan jini safe da yamma, ni nake yanke mata farce. Na ce hankalinta ba kamar da ba ne, don Allah su tafi gida. Sun saurare ni sosai, har na zaci na yi nasara. Ashe duk ɗauka ta suke yi.

Kafin na gama wanke kwanuka na ga kaina a waya. Sun sa min kiɗan shirin a ƙasa. Wani ya rubuta cewa ko fatalwa tana da mai yi mata shara. Wata ta ce a duba idona, ni ma ba na ƙiftawa. Wasu sun ce a ƙyale mu, kaɗan ne, kuma su ma sun tura bidiyon gaba.

Na yi ƙiba a bidiyon. Ban san me ya sa wannan ne ya fi tsaya min a rai ba.

Asabar, 18 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Maƙwabcinmu Don Libardo ya jera kujeru a barandarsa yana ba su haya, yana dafa musu kofi. Wannan ban ce komai ba, kowa da cikinsa. Amma yau Gladis ta shigo ba sallama ta ajiye min wayarta a kan keken ɗinki. Ga shi nan zaune da hularsa ta zuwa coci, yana ba wani mai gemu labari.

Ya faɗi komai. Cewa Mama tana da ɗa namiji guda ɗaya, autanmu. Cewa shekara ashirin da uku da suka wuce ya fita da babur ƙarfe biyar na yamma, ya ce yanzu zai dawo a ajiye masa abinci. Cewa an samu babur ɗin a bakin gada da makulli a jiki, shi kuwa ko takalminsa ba a gani ba. Bai faɗi su waye ke tare hanyar gada da bindigogi a wancan lokacin ba. Wannan kam har yau ba mai faɗa, ko Don Libardo.

Amma ya faɗi sunan.

Na tsallaka na same shi. Mutumin da ya ɗauki akwatin gawar babanmu a kafaɗarsa.

"Don Libardo, me muka yi maka?"

"Haba Nubita, ai tarihi ne. Gara duniya ta sani. Wa ya sani ko wani ya ga yaron a wani wuri?"

"Yaron da yanzu shekararsa arba'in da huɗu."

"To ai kin ga." Ya cire hula ya sosa kai. "Kuma fa ba ni na fara kawo su ba. Ni da suka zo na same su."

Ya kalle ni, ni ma na kalle shi. Na dawo gida na ɗinke hannun rigar makaranta a baibai.

Lahadi, 19 ga Oktoba, ƙarfe shida da rabi na yamma

Sun kira sunan.

Mama ta ɗan makara zuwa taga yau, ina shafa mata man zafi a gwiwa. Suka gaji da jira. Da farko mutum ɗaya ne, da sigar wasa, sai saura suka ɗauka kamar a filin ƙwallo. Duván. Duván. Duván.

Shekara ashirin da uku ba a ɗaga murya da sunan nan a layinmu ba. Ni kaina ban taɓa rubuta shi a littafin nan ba sai yau.

Mama ta ture ni da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta isa tagar ba sanda. Ta leƙa har na riƙe ƙugunta don kada ta faɗa.

"Sun gan shi," take cewa. "Nubia, sun gan shi, suna kiran sa. Ina yake? Wanne ne?"

Daga ƙasa wani ya ɗaga hannu ya ce, "Ga ni nan, Mama!" Aka fashe da dariya.

Ita ba ta ji dariyar ba.

Litinin, 20 ga Oktoba, da dare

Na je wurin 'yan sanda. Wanda na samu mutumin kirki ne, ya ba ni kujera. Ya ce titi na kowa ne, idan ba su taɓa ƙofa ba babu abin da zai rubuta, amma zai riƙa zagayowa. Da zan fita ya ce matarsa ma tana kallon shirin.

Na dawo na rufe tagar na buga mata ƙusa huɗu. Mama tana zaune a bakin gado tana kallona. Sai ƙarfe biyar ta yi. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba. Hannunta na dama ya kumbura.

Talata, 21 ga Oktoba, da yamma

Ba ta ci ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, da yamma

Cokali uku na miyar kaza. Ta tofar da maganin.

Alhamis, 23 ga Oktoba, ƙarfe biyar da kwata

Suna can. Rufaffiyar tagar ma ɗaukar ta suke yi. An ce na kulle ta ne don kada ta tona wani asiri. Ta cikin katako ana jin sunan, ita kuma tana tsaye ta manna kunne a jikinsa.

Ba ta ci ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Padre Anselmo, limamin cocinmu, ya zo. Ta gane shi, har ta sumbaci hannunsa. Ta gaya masa cikin natsuwa, kamar mai cikakken hankali, cewa ɗanta ya dawo, yana zuwa kullum, amma 'yarta ta hana shi shiga.

"Tun suna yara take kishinsa, Padre. Ka yi mata magana."

A matakala ya riƙe kafaɗata ya ce in kai ta Medellín wurin Amparo har ƙurar ta lafa. Na koma na gwada mata maganar a hankali, na ce za mu je ta ga jikoki.

"In tafi? Wa zai buɗe masa?"

Padre ya ce zai yi wa mutane magana ranar Lahadi. Waɗanda ke zuwa ba 'yan cocinsa ba ne.

Bayan ya tafi na zauna ina tunanin maganar kishin. Da gaskiyarta, na yi kishinsa. Shi ake ba gwaiduwar ƙwai. Shi ya tafi, ni na zauna, ban yi aure ba, ban je ko'ina ba, kuma har yau shi ake jira. Wannan ma bai kamata in rubuta ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba, ƙarfe takwas na yamma

Gladis ta zo da burodin cuku kamar ba abin da ya faru. Ban kunna talabijin ba, ita ma ba ta ce in kunna ba. Muka zauna a kicin.

Ta ce ta fita daga zauren. Ta ce kafin ta fita ta zage su tas, har da wata mai suna Sarauniyar Duhu da ta gano ashe malamar firamare ce a garin Armenia. Na yi dariya, karon farko a mako guda.

Sai ta ce, "Nubia, kin san idan mutum ya goge saƙo, wasu sun riga sun ɗauki hotonsa."

Na ce na sani.

"Yana yawo. Da sunanki da hoton fuskarki a kai."

Na ce na sani.

"Ni ban ce kin yi laifi ba. Da ni ce ma da na yi. Murna ce. Amma gara Amparo ta ji daga bakinki."

Na tashi na wanke kofunan da ba su da datti. Ta zauna har na gama, ta sumbace ni a goshi ta tafi. Ta bar burodin.

Mama ta ci rabin ayaba, daga hannun Gladis. Daga nawa ba ta karɓa.

Laraba, 29 ga Oktoba, da rana

Na je kasuwa sayen zik, na ga an rataye fuskokin roba na bikin jibi, wanda yara ke shigar dodanni suna bi gida gida neman alewa. Tsakanin kwarangwal da mayya akwai wata mai farin gashi da buɗaɗɗen baki. Har tawadar Allah da ke gefen hancinta sun sa.

Mai rumfar ba ɗan garin nan ba ne, bai san ni ba. "Wannan ita ke tafiya bana, doñita. Saura shida."

Na tsaya kamar zan yi magana. Na sayi zik na dawo.

A zauren an ce kowa ya hallara jibi ƙarfe biyar. An yi hayar bas biyu daga Manizales. Na kira Amparo, wayar ta yi ta ƙara, da ta ɗauka na ce ina tambayar lafiyar yara ne.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da yamma

Na mayar da gadonta ɗakin baya, wanda ke kallon tsakar gida. Zan kunna mata rediyo da ƙarfi. Makullin ƙofar titi yana aljihuna. Kwana ɗaya ne. Kwana ɗaya ne kawai.

Asabar, 1 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe, asibiti a Manizales

Ƙashin ƙugun Mama ne ya karye, da tsagewa a goshi. Likita ta ce sai jininta ya daidaita za su yi aikin, wataƙila Litinin.

Zan rubuta yadda aka yi, sau ɗaya, don kaina.

Tun ƙarfe huɗu titin ya cika. Na leƙa ta tsagar ƙofar shago na ga fuskar Mama wajen talatin, wasu a kan maza ƙarti, wasu a kan yara riƙe da bokitin alewa. Na hau na same ta kwance, rediyo yana ta waƙa, idonta a rufe. Na zauna da ita har biyar da rabi. Ta yi minshari. Na tabbata ta yi minshari.

Sai na sauka tsakar gida in kwashe shanya don hadari ya haɗo. Zanen gado biyu ne da tawul. Minti nawa wannan zai ɗauka?

Ina can na ji an buga ƙofar titi. Ba irin bugun wasa ba, a hankali, sau uku. Titin ya yi shiru, sun yi wa juna alama. Sai muryar namiji, daf da ramin makulli, a tausashe:

"Mama, ni ne. Na dawo. Ki buɗe min, yunwa nake ji."

Ya iya. Ko waye shi, ya iya. Ni kaina sai da zanen ya faɗi daga hannuna.

Matakalarmu hawa goma sha huɗu ce. Ban ga faɗuwarta ba, ji kawai na yi.

Da na buɗe ƙofa ina ihun a kawo mota, na gaba suka zaci cikin wasan ne, suka yi tafi. Wata yarinya ce ta fara cire fuskar robarta, ta ce, "Jini ne na gaske." Daga nan suka watse. Wanda ya buga ƙofar ban san ko wanne ba ne, duk fuska ɗaya gare su. Don Libardo ne ya kawo jif ɗin surukinsa. Yana tuƙi yana kuka. Ban yi masa magana ba, kuma ban hana shi ba.

A hanya ta buɗe ido sau ɗaya ta ce, "Ya shigo?"

Lahadi, 2 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Ranar matattu. Duk shekara muna kai fure kabarin Baba, mu ajiye wani a bakin gada. Bana ba wanda ya je.

Amparo ta iso da motar safe. Ta daɗe a wurin Mama, sannan ta fito ta same ni a benci. Na buɗe baki in gaya mata. Ta riga ni, ta juyo min da wayarta. Layi biyun nan ne, inda na faɗi garinmu da layinmu da lambar gidanmu, da fuskar dariya guda uku da na sa a ƙarshe. Na manta da su.

"Tun ranar sha biyar nake da shi," ta ce. "Ina jira in ga ko za ki faɗa."

Na kawar da idona daga wayar.

"Ba zan zage ki ba, Nubia. Ke kika wanke ta shekara tara, ni ban wanke ba, ba ni da bakin zagi. Amma idan an sallame ta da ita zan tafi. Ba shawara nake nema ba."

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta sayo min kofi ta zauna kusa da ni har aka kira ta wurin Mama.

Talata, 4 ga Nuwamba, da safe

An yi aikin jiya. Likita ta ce da wuya ta sake tafiya da ƙafarta, amma kada a cire rai. Kowa haka yake cewa.

Tana yi wa Amparo magana, tana yi wa nas magana. Idan na shigo sai ta juya fuska bango. Ta gaya wa matar da ke gadon kusa cewa ɗanta ya zo har bakin ƙofa da yunwa, aka bar shi a waje.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma, gida

Na zo ɗaukar kayanta. A bakin ƙofa na tarar da kyandirori da furanni sun fara ruɓewa, da wata takarda mai cewa ta huta lafiya. An yaɗa cewa ta mutu. Wani saurayi ya turo min doguwar wasiƙa yana ba da haƙuri, ya ce shi ba shi ya buga ƙofar ba, yana baya ne kawai, kakarsa ma haka take. Ban amsa ba. Ban san me ake cewa ba.

Gladis ta ce an goge bidiyon ƙofar, amma akwai masu shi. Ta ce yanzu zancen kashi na sha uku ake yi, wai akwai inuwar yaro a cikin madubi. Ƙarfe biyar ta yi, ba kowa a titi sai kare.

Na goge matakala sau biyu. Tabon hawa na uku daga ƙasa ya ƙi fita, katakon ya sha.

Na haɗa rigunanta, da carbinta, da maganin hawan jini, da silifas ɗin da ba za ta taka ba. Akwati ɗaya ne duka.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Har yanzu bango take kallo.

Litinin, 10 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana, tashar mota

Sun tafi.

Mijin Amparo ya zo da motar ɗaukar marasa lafiya. Aka gangaro da ita a kan gado mai taya, ta ƙanƙance, kamar yarinya a cikin bargo. Na tsaya gefe riƙe da akwatin. Amparo ta ce in zo Kirsimeti, akwai katifa a ɗakin yara. Na ce to.

Har sun ɗaga ta za su tura ciki, sai ta fiddo hannu daga bargon ta kama bakin rigata. Kwana goma ba ta dube ni ba. Na sunkuya. Idonta tar, ta san ni sarai.

"Nubia."

"Na'am, Mama."

"Ke za ki zauna a gidan?"

"Ni zan zauna."

"To. Kada ki je ko'ina. Idan ya sake dawowa ki buɗe masa. Ki ce ban yi fushi ba, sauka nake yi, ƙafata ce."

Amparo ta juya baya ta rufe bakinta da hannu. Direban yana jira da ƙofar a hannunsa.

Na ce, "To, Mama. Zan buɗe."

Ta sake ni. Aka rufe.

Bas ɗin garinmu sai ƙarfe uku. Na sayi tikiti.